Mai Son Haɗa Kwamfutar Wasa Ya Fara Daga Bango

A zangon karatun da ya wuce wani abokinmu, wanda muke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya cika wani buri da ya daɗe yana cin ransa. Ya fi shekara guda yana tara kuɗi. Da yamma ya koyar da yara lissafi, da dare ya buga wa 'yan ajin ƙarshe takardun bincikensu, wani lokaci har abincin rana yakan haƙura da shi, duk don ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa. Ranar da ya kunna ta ɗakinmu ya cika maƙil, har da waɗanda ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu da su ba. Gidanta na gilashi ne, fankokinta suna walƙiya, ja da kore da shuɗi, sai ka ce motar ɗaukar amarya. Mako uku ta yi tana aiki. Wani dare aka ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, sai muka ji tas, ƙauri ya biyo baya. Da gari ya waye injiniya ya buɗe ta, ya ce akwatin wutar ya ƙone, kuma bai tafi shi kaɗai ba, ya ja babban allon da katin hoton. Akwatin wutar nan kuwa ko sunan kamfani babu a jikinsa. Gyara mai kanti ya yi masa da shi a kan gidan gilashin.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ba mu kawo wannan labari don mu yi wa ɗan'uwanmu dariya ba, domin da mu aka yi shawarar. Mu ne muka raba dare muna kallon bidiyon Turawa masu gwada kayan kwamfuta, muna musun wane kati ya fi wane gudu, babu ɗayanmu da ya ɗaga kai ya dubi soket ɗin da ke jikin bango. Mutanen nan ba ƙarya suke yi ba. Sai dai suna magana ne da wanda ke zaune a Amurka ko Jamus, inda wuta kan yi watanni ba ta ƙifta ba, ɗaki yana da sanyi, albashi da dala ko yuro ake biya, in kaya ya lalace kuma a mayar wa kanti a karɓo wani. Mu kuwa ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba mu da shi. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wanda zai haɗa kwamfutarsa ta farko da ɗan abin da ke aljihunsa ya juya jerin da aka saba. Su daga firosesa da katin hoto suke farawa, su ƙare da akwatin wuta in kuɗi ya yi saura. Shi ya fara daga bango, watau daga irin wutar da ke shigowa ɗakinsa, sa'an nan ya gangaro zuwa sauran kayan.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin kwamfuta ba, kayan da ake bukata guda 7 ne. Akwai firosesa, wadda ke yin lissafi. Da babban allo, wanda 'yan kasuwa ke kira madabod, inda kome ke zama. Da RAM, inda ake shimfiɗa aikin da ake cikin yi. Da ma'ajin bayanai. Da katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani. Da akwatin wuta, wanda a kasuwa ake ce wa fawa-fak, mai karɓar wutar bango ya sassauta ta ya raba wa kowa. Sai gidan da za a zuba su duka. Ana iya sayo su daga kamfanoni dabam-dabam su zauna lafiya, domin tun 1995 Intel ya fito da ma'aunin ATX, wanda ya daidaita girman allo da ramukan noti da bakin wayoyin wuta, har yau kuwa a kansa ake tafiya. Ɗaura su ba wuya. Wanda ya iya riƙe sukuddireba, ya kuma iya karanta takardar da ke cikin kwali, zai gama a yini ɗaya. Wahalar tana wajen zaɓe.

Kafin a zaɓi kome, wajibi ne a auna aljihu, a kuma auna shi da gaskiya. Duk kayan nan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Da aka saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, a Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500. A wannan farashi katin da Bature ke kira mai araha, na dala 200, ya zama Naira 300,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne, watau kati ɗaya ya cinye albashin wata huɗu har da ɗoriya. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa ba zai ci bashi don wasa ba, ba zai kuma taɓa kuɗin rajista ba. Bayan haka ya tambayi kansa wane wasa zai yi. Yawancinmu ƙwallo ne, EA Sports FC ko eFootball, sai GTA V wanda ya fito a kwamfuta tun 2015, sai wasannin harbi irin su Valorant. Duk waɗannan ba sa bukatar katin miliyoyi. Ƙididdigar da Steam kan fitar kowane wata ta nuna cewa a 2024 fiye da rabin masu wasa a dandalin a kan allon 1080p suke. In masu dala ba su ji kunyarsa ba, mu me zai sa mu ji? Hoto 60 a daƙiƙa a kan irin wannan allo shi ne gejin da ya dace da mai farawa. Daidai ruwa daidai tsaki.

To, sai bango. A takarda wutar ƙasar nan bolt 230 ce. A zahiri kowa ya san halinta: yau ta zo ba ƙarfi har fanka ta kasa juyawa, gobe ta zo da ƙarfin da zai fasa ƙwan lantarki, jibi babu ita ɗungurungum. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Mai wasa a nan dole wata rana ya dogara da inbata ko ƙaramin janareta, su kuwa kowane wat a ƙirge yake. Saboda haka lambar da za a fara dubawa a jikin kowane kaya ita ce yawan wutar da yake ci. Alal misali, firosesar Ryzen 5 5600 wat 65 aka rubuta mata, katin RX 6600 wat 132, allo da RAM da ma'aji da fankoki a ba su wat 50, monita wat 30. Jimla ba ta kai wat 300 ba. Katin RTX 4090 kuwa, wanda ake ta kambamawa a bidiyo, shi kaɗai wat 450 yake ci. Mai wat 300 in ya yi awa 3 kullum, ya ƙone yunit 27 a wata, wanda a farashin Naira 225 da aka ɗora wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024 ya haura Naira 6,000. Wanda ya ninka wat ya ninka wannan kuɗi, ya ninka girman batir, ya kuma ninka zafin da zai zauna da shi a ɗaki.

Daga nan sai akwatin wuta, wanda muke roƙo a ware kuɗinsa kafin na kome, a kuma saye shi sabo, domin shi ne in ya mutu yakan tafi da maƙwabta. Abubuwa huɗu za a duba. Na farko sunan kamfani da garanti. Kamfanonin da aka sani, irin su Seasonic da Corsair, sukan ba da garantin shekara 5 ko fiye a kan nagartattun kayansu, ko da yake kamfani mai suna ma yakan yi na ƙasa-ƙasa, don haka a nemi sunan samfurin a karanta abin da masu gwaji suka ce a kansa. Na biyu takardar da ke manne a gefensa. A dubi layin bolt 12, domin daga nan firosesa da kati ke sha. Marasa suna sukan rubuta 600 da manyan baƙaƙe, alhali layin 12 ɗin bai ko kusanci haka ba. Na uku a nemi wanda aka rubuta masa 100 zuwa 240, shi ne zai jure ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, domin akwai waɗanda daga 200 suke farawa. Na huɗu a tabbata yana da kariyar da ke kashe shi in wutar da yake fitarwa ta wuce kima ko wayoyi sun haɗu, wadda akan rubuta da haruffa irin su OVP da OCP da SCP. Tambarin nan na 80 Plus shaida ce kawai cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa cikin kwamfuta, sauran ta zama zafi. Abu ne mai kyau, amma bai isa hujjar nagarta ba, ga shi kuma tambari ba shi da wuyar bugawa. Ga irin kwamfutar da muka lissafa, wat 550 na gaskiya ya isa har da rara. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A wannan wuri har gobara takan jawo.

Tsakanin akwatin wuta da bango kuma a sa mai gadi. Stabilaiza tana daidaita wutar da ta hau ko ta sauka. UPS yana riƙe kwamfuta 'yan mintoci bayan an ɗauke wuta, don mutum ya adana aikinsa ya kashe ta cikin natsuwa. A nan ma akwai tarko a lamba, domin ƙarfin UPS da VA ake rubuta shi, VA kuwa dabam yake da wat. Ƙaramin nan mai 650 da ya cika ofisoshi abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Mai 1,000 yakan ɗauki wajen wat 600, shi ya fi dacewa. Wasu akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da irin wutar da UPS mai araha ke fitarwa, saboda haka a gwada su tare, a zare waya daga bango ana tsakiyar wasa a ga abin da zai faru. Akwai kuma wata kariya wadda ba ta cin ko kwabo: in an ɗauke wuta a kashe soket, in ta dawo a bar ta ta zauna 'yan mintoci kafin a kunna. Da ɗan ɗakinmu ya yi wannan kaɗai, da wataƙila ba mu rubuta wannan maƙala ba.

Bayan an tsare ƙofa sai a zaɓi katin hoto, wanda a ganinmu ya cancanci kaso mafi tsoka, sulusin kuɗin ko ɗan fiye da haka. In wasa ne manufa, firosesa matsakaiciya da kati mai ƙarfi sun fi firosesa mai tsada da kati rarrauna. Ga mai ƙaramin ƙarfi, RX 6600 na AMD, wanda ya fito a 2021 da ƙwaƙwalwar GB 8, shi muka fi gamsuwa da shi, domin yana ɗaukar wasannin da muka lissafa cikin sauƙi da wat 132 kacal. RTX 3060 na Nvidia, shi ma na 2021, akwai mai GB 12, yana cin wat 170, ya kuma dace da wanda zai haɗa wasa da zanen gini ko tace bidiyo. RTX 4060 na 2023 ya fi su tattalin wuta, wat 115, in aljihu ya kai. Akwai kuma tsofaffi biyu da suka cika kasuwa, RX 580 na 2017 da GTX 1660 Super na 2019. Farashinsu yana jan rai, amma fa a sani RX 580 wat 185 yake ci, alhali RX 6600 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari an fara fitar da wasanni, irin su Doom: The Dark Ages na 2025, da sam ba sa tashi a kan katin da ba shi da sabuwar fasahar zana haske, su biyun kuwa ba su da ita.

Mun san da yawanmu gwanjo za su saya, a manyan kasuwanni irin su Computer Village da ke Ikeja ko Banex a Abuja, ko daga hannun wani ɗalibi. Babu laifi a wannan, firosesa da RAM ma da wuya su lalace. Katin hoto ne ke bukatar taka-tsantsan. An yi shekaru ana amfani da katuna masu ɗimbin yawa wajen haƙar kuɗin intanet, suna aiki dare da rana ba hutu. Da Ethereum ya daina wannan tsari a Satumban 2022 sai aka kwararo da su kasuwannin duniya. Akwai ma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna daga ciki ya riƙa nuna kansa a matsayin wani. Maganin wannan shi ne kada a yi cinikin biri a sama. A je da ƙafa, a sa a ɗaura katin, a buɗe manhajar GPU-Z a ga ainihin abin da ke cikinsa, a kunna FurMark ko wasa mai nauyi na minti 20 ana lura da zafinsa da fankokinsa. In ɗigo-ɗigo ko layuka sun bayyana a allo, ko hoton ya ɗauke, a ajiye shi a yi gaba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan da adadin kwanakin gwaji. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya ce sauri yake yi, to, ya riga ya ba da amsa.

Wajen firosesa da allo, shawararmu ita ce a bar sabon yayi ga masu shi. Mazaunin AM4 na AMD tun 2016 yake, don haka allunansa da firosesocinsa sun yawaita, sababbi da na hannu, kuma da RAM na DDR4 yake aiki. Wanda ya gaje shi, AM5 na 2022, DDR5 kaɗai yake karɓa. Ryzen 5 5600 mai ƙwaya 6, a kan allon B450 ko B550, ta ishi kowane matsakaicin katin da muka ambata. A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100F da i5-12400F na 2022, kuma akwai allunansu masu karɓar DDR4. Harafin F yana nufin firosesar ba ta iya fitar da hoto da kanta, ita ma 5600 haka take, watau ba kati ba hoto. Kurakurai biyu ne suka fi kama sabon shiga. Ɗaya shi ne sayen firosesa da allon da mazauninsu bai dace ba, ko tsohon B450 wanda sai an sabunta BIOS ɗinsa kafin ya gane 5600. Maganinsa a sa mai kanti ya ɗaura su ya kunna a gaban mai saye. Ɗayan kuma shi ne ruɗuwa da sunan i7. Tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su da yawa i7 ta 2013 ko 2014 suke ɗauke da ita, wadda i3 ta 2022 ta fi ta gudu. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 na Intel yake farawa. Lalle lambar zubi ake dubawa kafin suna.

RAM GB 16 ya isa, amma a saye shi sanda biyu masu 8-8 maimakon sanda ɗaya mai 16, domin hanya biyu ta fi hanya ɗaya saurin wucewa. A ƙarshen 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun kwashe kaso mai yawa na abin da masana'antu ke ƙerawa; wannan ƙarin dalili ne na kada a sayi fiye da bukata. Ma'aji kuwa SSD za a saya, domin ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri ninki-ninki. GB 500 zai yi wa mai farawa, TB 1 ya fi kwanciyar hankali, tun da Red Dead Redemption 2 shi kaɗai GB 150 yake nema. A sa kuɗin data ma a lissafi, domin sauke irin wannan wasa sau ɗaya ya isa ya cinye datar wata guda.

Gida shi ne wurin da ido ke yaudarar aljihu. Masu gwaji a Turai a ɗaki mai sanyi suke aiki. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu zafi kan kai ma'auni 40, duk abin da ya ƙaru a ɗaki kuwa sai ya ƙaru a cikin kwamfuta, in ta ɗau zafi da yawa kuma da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sa'an nan ga hunturu da ƙurarsa mai shiga ko cikin akwatin da aka kulle. Gidan da ya dace da mu shi ne mai raga a gaba, da matatar ƙura da ake iya cirewa a wanke, fanka biyu suna shigo da iska ɗaya tana fitarwa. A ɗora shi a kan tebur ko benci, kada a ajiye shi a ƙasa, a kuma hure shi duk wata lokacin hunturu. Gilashi a gaba yana toshe iska, fitilu masu launi kuma ba sa ƙara ko hoto ɗaya a daƙiƙa. Kuɗin da abokinmu ya zuba a kansu da ya saya masa akwatin wuta nagari har da canji.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga PlayStation ga laftof? Tambayar tana da ƙarfi, ba za mu kauce mata ba. Wanda ƙwallo kaɗai yake so, PlayStation na hannu ya fi masa sauƙi da araha, mu ma haka za mu gaya masa. Wanda ke zaune a hostal inda ake ɗauke wuta kullum, ko inda ɓarayi suka yi yawa, laftof ta fi masa, domin da batirinta aka haife ta, kuma yana iya rataya ta zuwa aji. Amfanin kwamfutar tebur shi ne kowane ɓangare ana iya cire shi a sa wani. Katin laftof kuwa manne yake, in ya tsufa ko ya ƙone ta tafi ke nan. Kuma injin da ke ɗaukar wasa shi ne ke ɗaukar AutoCAD da Blender da tace fim, sana'o'in da wasu 'yan'uwanmu ke ci da kansu da su tun suna makaranta. Amma a nan akwai wata gaskiya mai ɗaci. Mun san waɗanda suka je gida suka ce wa iyaye malami ya ce dole a sayi kwamfutar bincike, alhali ƙwallo ce a ransu. Uban da ya sayar da buhunan masararsa, ko ya ci bashin ofis don ɗansa ya yi karatu, bai cancanci wannan ba. In don wasa ne a ce don wasa ne, mutum ya nemi kuɗin da guminsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sakamakon jarrabawa kuma shi ke tona shi.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai hanyar hawa a hankali. Ryzen 5 5600G ta 2021 tana da ɗan katin hoto a cikinta. Da ita da RAM sanda biyu mutum zai yi karatunsa, ya buga Valorant da GTA V in ya rage kyan hoto, wutar da zai ci kuma wajen rabin wadda muka lissafa ce. Ranar da kuɗi ya samu sai a soka kati, ba a yi asarar kome ba, muddin akwatin wutar tun farko nagari ne. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne sayen kaya ɗaiɗai ana tarawa a ƙarƙashin gado, allo a Janairu, firosesa a Yuni. Kafin a haɗa su kwanakin gwaji sun wuce, in ɗaya bai tashi ba babu wanda za a kama. Gara a tara kuɗin, a sayi abin da zai kunnu rana ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshe muna kira ga ƙungiyar ɗalibai, da 'yan sashen kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki, da su ware rana ɗaya a wata da ɗaki ɗaya, a ajiye mitar auna wuta da monita da akwatin wuta na gwaji. Duk wanda ya sayo kaya ya kawo a gwada masa kafin kwanakin mayarwa su ƙare, wanda ya taɓa haɗawa ya koya wa wanda bai taɓa ba. Abin ba ya bukatar kasafi mai yawa, kuɗin da zai ceto kuwa na gumi ne.

Abokinmu dai ya koma koyar da yara lissafi da yamma. Firosesarsa da RAM ɗinsa da ma'ajinsa sun tsira, suna naɗe cikin leda a ƙasan akwatinsa. Gidan gilashin yana kusurwar ɗaki, mun mai da shi ma'ajiyar littattafai. Makon jiya ya rubuta sabon jeri ya manna a bango, daidai saman soket. Layi na farko akwatin wuta mai wat 550 da garantin shekara 5, na biyu UPS, katin hoto sai a na uku. Mun karanta jerin har ƙasa, babu fitilu a ciki.